Abin da Ya Kai Haulat Gidan Giya a Kilkenny

Na fara ganin Haulat Sa'idu a wani kanti da ke unguwar Old Airport, tana gardama da mai kantin, wani mutumin Kerala ta ƙasar Indiya. Ta ɗebo gero a tafin hannu, wanda su suke kira bajra, tana tambayarsa ko na bana ne. Shi kuma yana ta rantsuwa cewa satin da ya wuce aka sauke shi. Ta ce ba ranar saukewa take tambaya ba, shekarar girbi take nufi, domin tsohon gero ba ya tsira. Da na ji ta juya tana mita da Hausa, sai na yi mata sallama. Ashe ma bene ɗaya muke, ita a hawa na uku, mu a na biyu. Watana biyu ke nan a Doha a lokacin, na biyo maigidana.

Ranar da na fara shiga wurinta na ɗauka famfo ne ya fashe. Tun daga ƙofar falo har bakin kicin an shimfiɗa jiƙaƙƙun buhunan algarara, a ƙarƙashinsu gero da dawa suna fitar da tsiro. Mijinta, Malam Zulkiflu, wanda ma'aikacin jinya ne, ya fito zai tafi aiki yana tsallake buhunan da takalminsa a hannu. Ya amsa gaisuwata ya ce, "Ki yi haƙuri da gonar tamu."

Haulat 'yar Bauchi ce, daga unguwar Jahun. Ita ce 'yar fari a wurin Inna Hajjo, wadda ta shekara fiye da talatin tana sayar da kunun zaki a bakin tasha. Da kunun nan aka yi musu komai, daga littafin makaranta har kayan ɗaki. Sai dai kunun zaki ba ya da haƙuri. Wanda bai ƙare yau ba, gobe da hantsi ya fara kumfa, jibi kuma in ka buɗe robar sai ta yi maka tsartuwa a fuska. Inna Hajjo ba ta taɓa sayar da wanda ya tashi ba, ko a rabin kuɗi. Cewa take ya kama hanyar giya, ita kuwa ba za ta raka shi ba. Haulat ce ake sa wa ta kai shi kwata ta zubar. Ta gaya mini tun tana aji huɗu na firamare take tambayar me ke shiga cikin kunun da ba a gani, ba ta samu mai ba ta amsa ba.

Ta karanta kimiyyar haɗa sinadarai, ta koyar a makarantar 'yan mata shekara goma sha ɗaya, ta haifi 'ya'ya mata biyu, Nusrat da ƙanwarta. Sau uku tana neman gurbin ƙaro karatu a waje ana hana ta. A karo na huɗu wata jami'a a nan Doha ta ɗauke ta digiri na uku a fannin sarrafa abinci, tana da shekara talatin da bakwai. Abin da ta rubuta musu cewa za ta yi ɗaya ne: kunun zakin da zai yi wata guda a kwalba ba firji, bai lalace ba, bai zama giya ba, kuma ta hanyar da mace mai murhu da tukunya za ta iya bi a gidanta.

Shekara biyu abin yana ƙin ta. In ta tafasa kunun bayan ta tace, ya daɗe, amma ya koma kamar koko, ɗanɗanon ya gudu. In ta ɗumama shi sama-sama, ɗanɗano ya zauna, kwana biyar kwalba ta kumbura. Wata rana da azahar muna zaune a falonta muka ji ƙara daga kicin kamar an harba bindiga. Kwalba ce ta fashe a cikin kabad, kunu har silin. Na ce mata, "Yaya Haulat, ko dai a bar wa kunun nan halinsa?" Ta ɗauko littafinta ta rubuta lambar kwalbar da kwanakin da ta yi, sannan ta ɗauko tsumma.

Malamar da ke duba aikinta, Dakta Ikhlas, 'yar Sudan, ita ta samo mata wata bita ta sati biyu a Dublin, babban birnin Ireland, a kan sarrafa tsiron hatsi. Da takardar tsarin bitar ta zo, sai ga shi an rubuta cewa ranar Asabar ta farko za a kai mahalarta wani tsohon gari mai suna Kilkenny, su ga wani gidan dafa giya da ya haura shekara ɗari uku, wanda yanzu aka mayar gidan tarihi. An rubuta cewa ba dole ba ne. Haulat ta sa alamar za ta je.

Da safe suna karyawa ta gaya wa mijinta. Ya ajiye kofin shayi.

"Gidan giya fa, Maman Nusrat."

"An daina dafawa a can shekaru da dama. Kayan aikin ne suka rage da bayani."

"Amma ana sha."

"A ƙarshe ake sha, a ɗaki guda. Ba zan shiga ɗakin ba."

"Ni na san ki. Mutane ne ba za su tsaya tambayar wane ɗaki kika shiga ba. Mu nawa ne a garin nan? Ko atishawa kika yi a Old Airport, sai an yi miki sannu daga can unguwar Mesaimeer."

Ta ce masa gaskiya ya faɗa. Amma ta ce babu wanda ya san halin tsiro da abin da ke sa shi tashi kamar masu dafa giya, domin su suka shekara ɗaruruwa suna lallaɓa abin da ita take so ta hana. Ta karanta littattafansu, tana so ta ga tukwanen da idonta, ta kuma yi magana da wanda ya taɓa tsayawa a kansu. Sai ya ce ta tambayi Malam Ghali tukuna.

Malam Ghali ɗalibin fiƙihu ne da ke yi wa 'yan Najeriya karatu ranar Juma'a. Ya saurare ta har ƙarshe. Ya ce shi ba zai ce mata je ki ba, kuma ba zai ce kallon tukunyar da ba kowa a cikinta haramun ne ba. Ta nisanci inda ake sha, kada ta ɗauka, kada ta miƙa wa wani, in kuma zuciyarta ta ƙi a bakin ƙofa, to ta bi zuciyarta.

Wadda ta fi jin nauyin gaya wa ita ce Inna. Ta kira Bauchi tana ta kewaye-kewaye. Inna Hajjo, wadda ba ta kiran sunanta saboda 'yar fari ce, ta katse ta.

"Ke, wa kike tsammanin ya koya mini yin tsiro?"

"Ba Goggo ba ce?"

"Goggonku ko jiƙa gero ba ta iya ba. Saratu ce, wata Basayiya mai burukutu, lokacin muna haya a Yelwa. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ita ta nuna mini kwana nawa ake rufewa, da yadda ake gane ya isa. Ni ban taɓa ɗanɗana nata ba, ita kuwa kullum sai ta aiko a sayo mata nawa. Je ki ki gano, ki dawo da mutuncinki."

Haulat ta ce ta daɗe riƙe da wayar bayan an kashe. Shekara talatin da tara tana duniya ba ta taɓa jin sunan Saratu ba.

Ranar Asabar ɗin a Dublin aka tashi da yayyafi, irin wanda ba ya jiƙa ka nan take amma ba ya ɗaukewa. Su goma sha takwas ne a motar, ita kaɗai ce mai hijabi, ta ɗora rigar ruwa a kai. Ta ce Kilkenny gari ne na baƙin dutse, da wata ƙatuwar fada a bakin kogi, da lunguna matsattsu masu matakala waɗanda mutum biyu ba sa jerawa sai sun goga kafaɗa. Sun tuna mata da lungunan cikin gari a gida, sai dai a nan ba akuya, ba kuma mai gaishe ka. Suka bi wani titi mai shaguna har suka iso ƙofar.

A nan ta dakata. Sauran suka shige, ta tsaya tana karanta allon da ke jikin bango ba tare da ta gane abin da take karantawa ba. Ta tuna maganar Malam Ghali, ta tambayi zuciyarta, ta ga tsoron bakin mutane ne ya fi yawa a ciki. Ta yi a'uziyya. Ta rasa da wace ƙafa ake shiga irin wannan wuri, sai ta shiga da hagu.

Wata budurwa ce mai yi musu jagora. Ta fara da labarin sufayen Kirista da suka zauna a wurin tun ƙarni bakwai da suka wuce, suna ibada suna dafa abin shansu, har zuwa iyalin da suka mayar da abin sana'a. Haulat ba ta damu da wannan sosai ba. Sai da aka shigar da su wani ɗaki aka miƙo musu busasshen tsiron sha'ir a cikin akushi aka ce kowa ya shinshina. Ta kai hanci, sai ta ji ƙamshin falonta na Old Airport, da na tsakar gidansu a Jahun. Ta jefa ƙwaya ɗaya a baki. Ta yi ƙaras, ga zaƙi. Nata tsiron bai taɓa yin wannan ƙarar ba.

Daga nan ta fara tambaya. Da wane zafi ake busar da shi, awa nawa, yaya ake gane ya bushe har ciki. Mai jagorar ta amsa biyu, a ta uku ta yi dariya ta ce wannan ya fi ƙarfinta. Ta ce akwai wani tsoho mai suna Fintan da ya yi aiki a gidan shekara talatin da huɗu har ranar da aka kashe wuta, yakan leƙo duk Asabar bayan azahar ya gaisa da ma'aikata.

Da aka zo ɗakin ƙarshe, inda ake zuba wa kowa kofi guda, Haulat ta ce a nuna mata hanyar fita. Aka ce akwai lemo ga wanda ba ya sha. Ta gode, ta ce a waje za ta jira. Ta tsaya a ƙarƙashin wata rumfa, tana hango kangon majami'ar sufayen nan, bango da hasumiya ba rufi. Ƙarfe uku motarsu za ta tashi. Uku saura kwata tsohon bai zo ba. Ta je ta sami shugaban tafiyar ta ce su tafi, za ta biyo jirgin ƙasa. Ya tambaye ta ko ta san hanyar tasha. Ta ce matambayi ba ya ɓata.

Uku da rabi Fintan ya iso, gajere, ja, da hular ulu da sanda. Mai jagorar ta haɗa su. Ya dubi hijabinta, ya dubi ƙofar da ta fito, ya ce ga wani shagon shayi can a tsallaken titi. Da suka zauna ya ce ta faɗa masa yadda ake yin abin tun daga farko, kada ta tsallake komai.

Ta faɗa masa. A jiƙa gero, a niƙa da citta da kanumfari, a raba ƙullun. Kaso mafi yawa a dama shi da tafasasshen ruwa, in ya huce a zuba ɗanyen da aka haɗa da tsiro, a rufe ya kwana, da safe a tace.

"Yaya mahaifiyarki take gane ya huce daidai?"

"Yatsa take sawa. In ta iya yin salati ɗaya ba ta cire ba, ya yi." Ta yi masa bayanin tsawon salatin.

Ya yi dariya har da buga sanda. Ya ce tsofaffin da ya tarar sun ba shi labarin cewa kafin a samu ma'aunin zafi, fuskarsu suke nema a cikin ruwan. In tururi ya lafa har mutum ya ga kansa, lokaci ya yi. Ya ce, "Ni da mahaifiyarki sana'armu ɗaya. Ita dai a rabin hanya take sauka."

"A'a," in ji Haulat. "Ita ta iso inda za ta."

Ya ɗaga kofin shayinsa ya ce ya karɓi gyara. Sannan ya gaya mata yadda suke bi da kwalabe ta cikin ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba, na kusan minti ashirin. Ta ce ta sani, ta karanta, ta gwada ya fi sau talatin, kwalaben suna fashewa.

"To ba a nan ɓarawon yake ba. Da me kike juyawa?"

"Da muciya. Ta itace ce, ta mahaifiyata."

"Da me kike tacewa?"

"Da ƙyallen tata. Shi ma daga gida na zo da shi, don ɗanɗanon ya zama na asali."

"Tsiron fa, a ina yake bushewa?"

"A ƙasa, a falo. Akwai na'urar sanyaya ɗaki."

Ya jingina da kujera yana kallonta. Ya ce ruwan ɗumi yana iya kashe ƙwayoyin da ke sa kunu tashi in 'yan tsiraru ne, amma ba ya iya wa runduna, ita kuwa runduna take tarawa tun kafin ta kai ga kwalba. Tsiron da ya bushe a sanyi yana ɗauke da duk abin da ya sauka a kansa. Itace da ƙyalle kuwa gidajen hayarsu ne. Ya ce a shekara talatin da huɗun da ya yi, in an tara, dafawa ba ta fi shekara huɗu ba, sauran duk wanke-wanke ne.

Haulat ta ce kunya ce ta rufe ta. Ita da take dafa kwalabe da murafe, take sa safar hannu, ba ta taɓa kawo wa ranta ta tuhumi kayan Inna ba. Ko a ɗakin gwaje-gwaje da muciyar take aiki, kuma ba wanda ya taɓa tambayarta, domin sun ɗauka wani sirri ne na abin. Ta cika shafi shida da rubutu. Tsohon ya raka ta har inda ake hango tashar, ya ce in kunun ya yi ta aiko masa da labari ta hannun yarinyar nan mai jagora, shi ba ya taɓa waya mai shafawa.

Kafin ta dawo Doha hotonta ya riga ta isowa. Wani abokin bitar ya ɗauke su a bakin ƙofar ya sa a intanet, ga sunan gidan ɓaro-ɓaro a saman kanta. A wani taron suna a Mesaimeer, muna zaune ana cin waina, wata mai suna Firdaus, Maman Hafiz, ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "Karatun zamani dai sai addu'a. Har inda ba a zuwa yana kai mutum."

Haulat ta ajiye faranti.

"Maman Hafiz, in da ni kike, na je. Mijina ya sani, mahaifiyata ta sani, na kuma tambayi malami kafin in tafi. Ban sha ba, ban zauna inda ake sha ba. Na je ne in koyi yadda zan hana kunu zama giya, kuma na koyo. Wadda take da sauran tambaya ta yi mini yanzu ina zaune, ya fi a yi bayan na tashi."

Ba wadda ta yi. Daga baya maigidana ya gaya mini cewa a ɓangaren maza ma an taɓo zancen, Malam Zulkiflu ya ce shi ya kai ta filin jirgi da kansa, khalas, magana ta ƙare, a kawo wata hirar.

Ba a ce tana dawowa komai ya daidaita ba. Da ta fara gasa tsiron, zafin ya yi yawa, ya mutu, kunun ya fito salam ba zaƙi. Ta rage, ya yi danshi. Ta koma ludayin ƙarfe da rariyar da ake iya tafasawa, sai tsamin nan mai daɗi ya ɓace gaba ɗaya, domin ashe wani ɓangarensa daga jikin muciyar yake fitowa. Wata huɗu ta yi tana ware masu kawo tsamin daga masu kawo kumfa. Ta rame. Ranar da na ce ta huta ko na sati ɗaya ne, ta ce in an huta tsiro ba ya jira.

A watan Agusta, lokacin da zafin Doha ke hana kowa leƙa waje, ta jera kwalabe goma sha biyu a wani ɗan sito da ke saman bene, inda ba na'urar sanyi. Kullum bayan la'asar sai ta hau ta duba. Sati ɗaya, sati biyu, ba wadda ta kumbura. Ranar kwana na arba'in ta kai uku ɗakin gwaje-gwaje, aka auna, ba a samu giya a ciki ba, ba a samu abin da zai cutar ba. Ta kira ni da mijinta da 'yan matan, ta buɗe ɗaya a falo. Ba ta yi tsartuwa ba. Ta zuba mana a ƙananan kofuna, ita ba ta sha ba, tana kallon fuskokinmu.

Malam Zulkiflu ya kurɓa, ya juya shi a baki. Ya ce, "Kunun zaki ne. Bai kai na Inna ba, amma kunun zaki ne."

Ta ce ta sani, citta ce take raguwa da ɗumamawar, za ta ƙara. A ranar ta rubuta wasiƙa zuwa Kilkenny.

Ta kare aikinta a gaban malamai a farkon bana. Dakta Ikhlas ta so ta tsaya ta ci gaba da aiki a nan, ta ce a'a, a ƙarshen shekara za su koma, akwai mata goma sha huɗu masu kunu a Bauchi da suka yarda su gwada hanyar da tukwanensu. Na ɗauka kafin nan za ta zauna ta huta.

Shekaranjiya, da yake zan tafi gida hutu, na hau in yi mata sallama. Na tarar an kwashe buhunan daga falo, sai wasu robobi cike da wani farin ruwa a kan teburi, kowace da lamba. Na tambaye ta mene ne. Ta ce kunun aya ne, wanda ko yini ɗaya ba ya yi, tun safe robobi biyu sun riga sun lalace. Ta ce ayar da ake samu a nan ta daɗe a hanya, ba ta yarda da ita ba.

"Rahmat, kilo nawa aka ba ki a jirgi?"

Na faɗa mata.

"To ki bar mini gurbin mudu uku in za ki dawo. Ɗanya nake so, 'yar bana, kuma ki tsaya a auna a gabanki."